Bogar dala 12: kwalliya tana biyan kuɗin sabulu?

A watan Maris na 2024 wani mutum a Amurka ya ɗora hoton rasit a shafin X, sai ka-ce-na-ce ya ɓarke. Abu uku kacal aka saya a gidan abincin Five Guys: boga (burodi mai faifan niƙaƙƙen nama a tsakiya) ɗaya dala 12.49, ƙaramin kofin soyayyen dankalin turawa dala 5.19, lemo dala 2.89. Da aka ɗora haraji da tukuicin ma'aikata, kuɗin ya tashi dala 24.10. Abincin mutum ɗaya ke nan, wanda zai shiga layi da ƙafarsa, ya biya a tsaye, ya jira a kira lambarsa, ya karɓa a jakar takarda mai maiƙo. Miliyoyin mutane suka ga hoton, aka rabu gida biyu. Wasu suka ce wannan fashi ne da tsakar rana, wasu suka ce araha ba ta ado, wanda ke son mai kyau sai ya saki aljihu.

Gidajen da ake wannan gardama a kansu wani rukuni ne da ya tsaya tsakanin McDonald's da gidan abinci na zama, inda ma'aikaci ke zuwa har teburinka ya tambayi abin da kake so. Five Guys da Shake Shack su ne kan gaba, sai irin su Smashburger. Alƙawarinsu ɗaya ne: namanmu bai taɓa daskarewa a firiza ba, kuma ba mu ɗora shi a wuta sai ka biya.

Ni dai a ganina bogarsu ta fi ta McDonald's daɗi, wanda ya ce ba haka ba ne gardama kawai yake ji. Amma rarar kuɗin da suke karɓa, kaɗan ne daga cikinta ke tafiya ga naman da suke tutiya da shi. Mai saye yana zaton nama yake biya, alhali haya yake biya, da suna, da dankali da ruwan sukari.

Sai dai a ba su haƙƙinsu tukuna. Jerry Murrell da iyalinsa sun buɗe Five Guys a 1986 a garin Arlington na jihar Bajiniya, kuma har yau babu firiza a shagunansu, firij ne kawai. Da hannu ake mulmula naman a kowane reshe. A shagon ake yanka dankalin, a jiƙa shi a ruwa don sitacinsa ya ragu, a soya shi sau biyu a cikin man gyaɗa. (Bahaushe zai yi murmushi a nan, ganin man da uwarsa ke toya ƙosai da shi ya zama abin rubutawa a bango.) Akwai ɗan allo da suke rubuta sunan gonar da dankalin ranar ya fito, yawanci daga jihar Idaho. Latas, tumatir, albasa, soyayyen naman kaza (tsiron nan mai kama da laima, ba kaza ba), barkono da sauran kayan haɗi har kala 15, duk kyauta ne. Kuma bogar da suke kira ta yau da kullum faifan nama biyu gare ta, mai ɗaya ita ce "ƙarama". A McDonald's kuwa, faifan naman ƙaramar boga kashi ɗaya ne cikin goma na laba, wajen giram 45. Wanda ya jera farashin waɗannan biyu ba tare da ya auna naman ba bai yi adalci ba.

Bambancin ɗanɗanon ma yana da dalili. Niƙaƙƙen nama mai kitse kamar kashi 20 cikin 100, in aka danna shi a kan farantin ƙarfe mai zafin gaske, bayansa yakan yi ɓawon ƙauri mai ƙamshi, cikinsa ya riƙe romonsa. In aka miƙo maka shi nan take, ka ci daɗi. In kuwa ya zauna a akwatin ɗumama yana jiran mai saye, romon ya tsane, burodin ya jiƙe, shi ke nan. Rabin abin da mutane ke yaba wa waɗannan gidaje bai wuce wannan ba: an soya maka naka ne bayan ka iso. McDonald's ma ya gane haka, shi ya sa a 2018 ya koma amfani da naman da ba a daskarar ba a bogarsa ta Quarter Pounder a Amurka, ba a soya ta sai an yi oda. Wendy's kuwa tun kafuwarsa a 1969 yake wannan alfaharin, kuma ba wanda ya taɓa sa shi a sahun gidajen alfarma.

Ga inda hujjar masu kare tsadar ke rushewa. A jihar Kalifoniya akwai In-N-Out, wanda Harry Snyder da matarsa Esther suka kafa a 1948 a Baldwin Park. Su ma ba su daskarar da nama. Su ma a shago suke yanka dankali, a gaban idonka. An san su da biyan ma'aikata sama da abin da doka ta tilasta, a jihar da ta ɗaga mafi ƙarancin albashin ma'aikatan irin waɗannan gidaje zuwa dala 20 a awa tun 1 ga Afrilu 2024. Duk da haka bogarsu mai nama biyu da cuku biyu, wadda suke kira Double-Double, kuɗinta kusan rabin ta Five Guys ne. Gaskiya ne faifan namansu ya fi ƙanƙanta, amma ƙanƙantar ba ta kai ta bayyana wannan tazara ba.

Yaya suka yi? Ba su sayar wa kowa lasisin sunansu ba, duk rassan na iyalin ne, yanzu a hannun jikar masu kafawar, Lynsi Snyder. Ba su shiga kasuwar hannun jari ba, saboda haka babu masu zuba jari da ke tsaye a kansu duk bayan wata uku suna tambayar ina ƙarin riba. Abincin da suke sayarwa bai taka kara ya karya ba: boga, dankali, abin sha. Ba su buɗe reshe sai inda motarsu za ta iya kai nama daga ma'ajiyarsu ba tare da ya kwana biyu a hanya ba, shi ya sa bayan shekara 75 rassansu ba su wuce 400 ba a ƙarshen 2023. Five Guys kuwa, da ya fara sayar da lasisi a farkon shekarun 2000, ya haura rassa 1,500 a ƙasashe da dama. Kowane mai lasisi yana biyan uwar kamfani wani kaso na cinikinsa, sannan shi ma yana neman tasa ribar. Baki biyu ke ci a cikin bogarka kafin naka.

Shake Shack ya fi sauƙin bincike, domin tun Janairun 2015 yake kasuwar hannun jari ta New York, dole ya baje lissafinsa a fili. Ranar farko an sa hannun jari a dala 21, kafin a tashi kasuwa ya ninka fiye da sau biyu. A rahotanninsa na 'yan shekarun nan, abin da yake kashewa a kan kayan abinci gaba ɗaya, har da takardar naɗi da kofuna, bai kai kashi 30 cikin 100 na ciniki ba. Wato a kowace dala goma da ka miƙa, abin da ya shiga cikinka da wanda ka jefa a kwandon shara bai kai na dala uku ba, kuma nama wani yanki ne kawai na wannan ukun. Albashi yana cin kusan kwatankwacin haka. Sauran ya tafi ga haya, wuta, gyare-gyare, ofisoshi da riba. Wannan ba laifi ba ne, haka harkar sayar da abinci take ko'ina. Amma yana nuna cewa in aka ce maka tsadar saboda ingancin nama ce, an faɗa maka gefe ɗaya ne na labarin.

Dubi ma wuraren da suke zaɓa. Shake Shack ya faro ne daga keken sayar da abinci a lambun shaƙatawa na Madison Square a New York a 2001, mai shi, Danny Meyer, ya mayar da shi rumfa ta dindindin a 2004. Da suka tashi shiga Landan a watan Yulin 2013, shi da Five Guys duk a Covent Garden suka sauka, kwana ɗaya tsakaninsu. A Paris, Five Guys ya kama katafaren wuri a titin Champs-Élysées. A Dubai, cikin manyan kantunan zamani za ka same su. Waɗannan wurare ne da ake biyan hayar kowane taku da tsada, kuma ba daga aljihun mai kamfani hayar ke fita ba.

Akwai wani labarin Shake Shack da nake so, domin yana tona asirin wannan magana ta "sabo ne, ba daskararre ba". Dankalinsu na asali mai lanƙwasa-lanƙwasa daga firiza yake fitowa. A 2013 suka ga bai dace gidan alfarma ya riƙa sayar da daskararren dankali ba, suka kashe kuɗi suka koma yanka ɗanye a shago. Masu saye suka yi ta ƙorafi, suka ce a dawo musu da nasu na da. A 2014 kamfanin ya sauko, ya koma wa na firiza. Harshen mutane bai bi abin da aka rubuta a bango ba. Hasali ma dankalin da aka ɗan dafa aka daskarar yakan fi ƙaras-ƙaras in an soya, abin da masu dafa abinci suka daɗe da sani. In-N-Out da ke yanka ɗanye ya jefa a mai kai tsaye, dankalinsa ne abin da masoyansa ma suka fi kushewa.

Dankalin nan da lemo, a nan ne gizo ke saƙa. A rasit ɗin da aka yi ta cece-kuce a kansa, sun haɗu sun ci sama da dala 8, kuma su ne kayan da suka fi arhar samarwa a shagon kaf. Lemon famfo ruwa ne da sukari da iskar gas da ƙanƙara. Five Guys yana da al'adar da ke faranta wa masu saye rai: bayan an cika maka kofi da dankali, sai a ƙara zuba wani ludayi a cikin jakar. Tamkar gyaran da mai awo ke ƙara maka ne a bakin mudu, ka tafi kana sa mata albarka, alhali tun wajen yanka farashi ta lissafa da shi. Babban kofin dankalinsu ya haura kalori 1,300, fiye da rabin abin da baligi ke buƙata a yini. Mutum ɗaya ba ya cinyewa sai da ƙyar, wanda ya cinye kuma ba gaba ta kai shi ba. Ana sayar maka da abin da ya fi ƙarfin cikinka, kana murna an yi maka alheri.

Ruwa dai ba ya tsami banza, kuma ba zan ce duk hauhawar haɗama ce ba. Fari na shekaru ya sa makiyayan Amurka sun rage garkunansu, har a farkon 2024 adadin shanun ƙasar ya sauka zuwa wajen miliyan 87, mafi ƙanƙanta tun 1951. A tsakiyar 2025 laba ɗaya ta niƙaƙƙen nama ta haura dala 6 a kantuna. Albashi ya tashi, haya ta tashi. Gidajen talakawa ma ba su tsira ba. A 2023 an yi ta yawo da hoton wani reshen McDonald's na gefen babbar hanya a jihar Connecticut, inda haɗin Big Mac da dankali da lemo ya kai kusan dala 18. Surutun ya yi yawa har shugaban kamfanin na Amurka, Joe Erlinger, ya fitar da buɗaɗɗiyar wasiƙa a watan Mayun 2024, yana cewa matsakaicin farashin Big Mac ya tashi ne daga dala 4.39 a 2019 zuwa 5.29. Wata ɗaya bayan nan suka fito da haɗin abinci na dala 5 don su lallashi waɗanda suka gudu.

Masu son gidajen alfarma sukan kafa hujja da wannan. Suna cewa tunda mai arhar ma ya daina arha, gara mutum ya ƙara kaɗan ya ci na kirki. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai tana da baki biyu. In har mutum zai kashe dala 20 a kan boga, me zai sa ya tsaya a layi ya karɓa da kansa? A 2024 gidan abincin Chili's, wanda ake zama a kawo maka har tebur, ya fito da boga da dankali da abin taɓawa da lemon da ake ƙara maka in ya ƙare, duka a dala 10.99, kuma ya yi ta tallarsa yana zolayar gidajen abincin gaggawa. Mutane suka yi masa caa. Gidajen alfarma sun sami kansu a tsaka mai wuya, ba su kai na ƙasa arha ba, ba su kai na sama hidima ba. Ɗaya daga cikinsu, BurgerFi, ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a Satumbar 2024. A Birtaniya, Byron da Gourmet Burger Kitchen, waɗanda suka yi tashe a shekarun baya, sun fara rufe rassa tun 2018, kafin annobar korona ta zo ta ƙarasa durƙusar da su a 2020.

Ga Bahaushen da ke karatu ko aiki a Turai da Amurka, akwai tambayar da ke gaban ta farashi. Ita kanta bogar da ke kan wancan rasit mai naman alade ce. Five Guys na Birtaniya ya faɗa da bakinsa cewa namansa ba yankan halal ba ne, kuma ana soya naman alade a kicin ɗin. Hukuncin yankan Ahlul Kitabi magana ce ta malamai, kowa da wanda yake bi. Amma wanda zuciyarsa ba ta natsu ba bai yi asarar komai ba, domin a Birmingham da Bradford da gabashin Landan ƙananan shagunan Musulmi sun ƙware a irin wannan bogar da ake dannawa a faranti, kuma da yawansu sun fi sauƙin kuɗi. A ƙasashen Larabawa na yankin Gulf kuwa rassan manyan kamfanonin halal suke sayarwa, shi ya sa 'yan uwanmu masu zuwa Dubai sarin kaya sukan fara ɗanɗana su a can. Alhazanmu kuma sun san wani darasin daban a Saudiyya: layin da ya fi kowane tsawo na Albaik ne, gidan soyayyar kaza da aka kafa a Jidda a 1974, wanda ya yi suna saboda daɗi da sauƙin farashi a haɗe.

A Najeriya lissafin ya sha bamban. McDonald's bai shigo ba har yau. Burger King, wanda a Amurka abincin direbobi da ɗalibai ne, da ya buɗe a Victoria Island ta Legas a 2021 sai ya zama wurin zuwa da kwalliya. Dala 24 ɗin nan, a canjin wajen naira 1,500 na 2024, ta kai naira 36,000, sama da rabin mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Ko bogar gidajen zamani na Wuse 2 ko titin Zoo Road ba ta kai haka ba, tana iya cinye kuɗin cefanen gida na yini guda.

Abin dariyar shi ne, babban abin alfaharin gidajen Amurka, wato nama bai ga firiza ba, a wurinmu ba labari ba ne. Saniyar da aka yanka da asuba a abbatuwar Kano, kafin magariba tana kan tukubar mai tsire ko a takardar mai balangu. Mu ne ke loda shanu daga Potiskum da Maigatari da Wudil zuwa kudu. Saboda haka matashin da ya shiga gidan boga a Abuja ko Kaduna ba sabon nama ya je nema ba, yana da shi a bakin layinsu. Ya je sayen sanyin na'ura ne, da kujera mai tsabta, da intanet, da wurin da zai ɗauki hoto. Ban raina wannan ba. A garuruwanmu wuraren da mace za ta zauna da ƙawayenta ko magidanci ya kai 'ya'yansa ranar sallah ba tare da takura ba kaɗan ne, kuma wurin zama mai mutunci abin biya ne. Abin da nake ƙi shi ne a ce min kuɗin na nama ne, ko a shigo da cuku da miyar kwalba daga waje da dala, a lafta min kuɗinsu, alhali naman da burodin na nan gida ne.

Akwai dai abu guda da zan yarda in biya ƙari saboda shi a nan, ba tare da ciniki ba. Niƙaƙƙen nama ya fi tsoka haɗari. A jikin tsoka ƙwayoyin cuta a baya suke zama, wuta na taɓa su sun mutu, amma in aka niƙa nama an cakuɗa su har ciki. A 1993 bogar da ba ta gasu sosai ba a gidajen Jack in the Box na Amurka ta jawo wa mutum sama da 700 rashin lafiya, yara huɗu suka rasu, abin da ya sa aka tsaurara dokokin sarrafa nama a ƙasar. Five Guys, duk da tsadarsa, ba ya yarda ya ba ka nama mai ja a ciki ko ka roƙa. To a ƙasar da wutar lantarki ke ɗaukewa sau da yawa a yini, ga zafin bazara da ke haura maki 40 a Sakkwato da Maiduguri, niƙaƙƙen naman da ya yi awa uku a firij marar wuta ba abin wasa ba ne. Gidan da janaretansa ke tashi da zarar an ɗauke wuta, yake niƙa naman da zai sayar a ranar kawai, yake gasa shi har ciki, yana ƙona dizal mai tsada don ya yi hakan, kuma dole kuɗin dizal ɗin ya fito a farashi. Kafin in tambayi nawa ne boga a irin waɗannan wurare, nakan fara tambayar yaushe aka niƙa naman, kuma me ke riƙe da firij ɗinsu in wuta ta tafi.